Sun San Thor, Ba Su San Masu Zana Shi Ba: Nazarin Wata Ƙungiyar Karatu

Asalin lamarin

Makarantar sakandare ce ta gwamnati a wani matsakaicin gari a Amurka. Malamin mai koyar da zane ne, shekarunsa sun haura 45, kuma ba za a ambaci sunansa ko na makarantar ba. Abin da ke biye an tsamo shi ne daga littafin da yake rubuta yadda kowane zama ya gudana, da kuma hirar da aka yi da shi bayan an tafi dogon hutu.

Tun yana ɗan shekara 12 yake karanta mujallar Thor ta kamfanin Marvel. Ga wanda bai san ta ba, Thor asalinsa abin bautar mutanen arewacin Turai ne kafin Kiristanci ya je musu. Shi suke jingina wa tsawa da aradu, labaransa kuwa sun wanzu ne ta littattafan da aka rubuta a Aisalan, musamman wanda Snorri Sturluson ya tsara wajajen 1220. Marvel ya ɗauko wannan tsohuwar tatsuniya ya mai da ita labarin zane a fitowa ta 83 ta mujallar Journey into Mystery, mai ɗauke da watan Agusta 1962, ana sayar da ita senti 12. Stan Lee ne edita kuma shi aka jingina wa tsara labarin, ƙanensa Larry Lieber ya rubuta maganganun, Jack Kirby ya zana da fensir, Joe Sinnott ya bi da tawada. Ba su bar tatsuniyar yadda suka same ta ba. Thor na asali mai jan gemu ne, nasu kuwa haɓarsa a aske, gashinsa ruwan zinare. Loki, wanda a tatsuniya amini ne da ya haɗa jini da Odin, uban Thor, sai suka mai da shi ɗan riƙon Odin, ya zama ɗan'uwan Thor kuma babban maƙiyinsa. Daga fitowa ta 126, a Maris 1966, mujallar ta koma amsa sunan Thor.

Zamani biyu ne masoyan wannan mujalla ba sa gajiya da labarinsu. Na farko shi ne na Kirby da Lee, wanda ya ƙare a 1970 lokacin da Kirby ya bar Marvel. Na biyu shi ne na Walt Simonson, marubuci kuma mai zane, daga fitowa ta 337 a Nuwamba 1983 zuwa ta 382 a 1987. Malamin ɗan zamani na biyu ne. Da kuɗin karin kumallonsa ya sayi mujallun Simonson suna fitowa, daga baya ya koma baya ya nemo na Kirby.

A ranar 3 ga Nuwamba 2017 aka fara nuna fim ɗin Thor: Ragnarok a Amurka. Shekarar ce kuma Kirby ya cika 100 da haihuwa, domin an haife shi ranar 28 ga Agusta 1917. Malamin ya ji ɗalibansa suna ta hirar fim ɗin, suna kwatanta Hela, sarauniyar matattu mai ƙahonni a ka, da Surtur dodon wuta, da Skurge da bindigoginsa biyu. Da ya tambaye su waye ya ƙirƙiro waɗannan, amsa ɗaya ya samu: Stan Lee, tsohon nan mai tabarau da ke leƙowa cikin fina-finan. Babu wanda ya taɓa jin sunan Kirby, balle Lieber ko Simonson.

Daga nan ya nemi izinin buɗe ƙungiyar karatu, sa'a ɗaya a mako bayan an tashi. Manufa biyu ya rubuta: ɗalibai su karanta tsofaffin mujallun da kansu, kuma su iya faɗar wanda ya yi wane aiki a shafin da ke gabansu. Kayan aikinsa ba su da yawa: mujallunsa na ƙuruciya, littattafan sake bugu guda biyu daga laburaren gari, majigin aji, da injin kwafi na ofis.

Nuwamba zuwa Disamba 2017: farawa daga farko

Zaman farko ɗalibai 21 suka zo, 'yan shekara 14 zuwa 17. Malamin ya yi abin da duk mai tara mujallu zai yi, ya fara daga fitowa ta 83, da niyyar bin su a jere, biyu a kowane mako.

Labarin farkon shafi 13 ne. Wani likita gurgu ɗan Amurka, Donald Blake, ya je hutu Norwe, sai ga wasu halittun dutse sun sauko daga sama da niyyar cin duniya. Ya gudu ya shige kogo, ya tsinci wata sanda, ya buga ta a jikin dutse, sanda ta zama guduma, shi kuma ya zama Thor. A jikin gudumar an rubuta cewa duk wanda ya riƙe ta, in ya cancanta, zai sami ƙarfin Thor. In kuwa ya rabu da ita na daƙiƙa 60, ya koma gurgun likitansa. Wannan zaman ya yi armashi, musamman da malamin ya nuna musu cewa Korg, mutumin dutsen nan mai barkwanci a fim, daga jinsin waɗannan halittu aka samo shi.

Daga mako na biyu abin ya fara tsami. Labaran 1962 da 1963 ba Asgard, masarautar Odin, suka fi mayar da hankali a kai ba. Thor ne yake faɗa da 'yan kwaminis, da 'yan daba, da wani masanin kimiyya daga Sin da ya mai da jikinsa makami. A tsakani kuma Blake yana ta nuƙu-nuƙun gaya wa ma'aikaciyar jinyarsa Jane Foster cewa yana son ta, mako bayan mako, maganar ba ta gaba ba ta baya. Ga shi kuma Kirby ma ba shi ya zana da yawa daga cikinsu ba. A wannan tsakanin an ba Al Hartley da Joe Sinnott da Don Heck aikin, sai a fitowa ta 101 Kirby ya dawo ya riƙe babban labarin sosai. Wato malamin ya tara yara don ya nuna musu gwanintar Kirby, ya ɓige da nuna musu shafukan da ba nasa ba.

Ɗaliban sun yi ƙorafin cewa rubutu ya yi yawa, kuma abin da hoto ya riga ya nuna shi ake sake faɗa a magana. Wasu sun riƙa dariyar tsohon Turancin da aka sa a bakin mutanen Asgard. Kafin hutun Kirsimeti masu zuwa sun koma 9.

Janairu 2018: laccar haƙƙin Kirby

A lokacin hutu malamin ya yanke cewa abin da yaran suka rasa shi ne labarin mutanen da ke bayan shafin. Matasa suna da saurin jin zafin zalunci, ya ce bari ya shigo musu ta nan. Ya shirya zama biyu na bayani da majigi, ba karatu.

Ya ba su tarihin Kirby: sunansa na yanka Jacob Kurtzberg, ɗan Yahudawa 'yan ci-rani da ya tashi a unguwar talakawa a Niyok, ya yi yaƙin duniya na biyu a Turai, ya dawo ya ci gaba da zane ana biyansa shafi-shafi, ba shi da kaso a ribar abin da ya ƙirƙira. Ya bayyana musu yadda Marvel ke aiki a wancan lokaci: Lee da mai zane su tattauna labari a taƙaice, mai zane ya je ya tsara shi shafi-shafi ya zana, sannan Lee ya zuba maganganu. A wannan tsari rabin aikin marubuci yana wuyan mai zane, amma a akwatin sunaye Lee ne marubuci, Kirby mai zane kawai. Ya nuna musu cewa Lee, a littafinsa na 1974 kan asalin jaruman Marvel, ya ce shi ya kawo shawarar Thor, alhali Kirby ya riga ya zana wani labarin gudumar Thor a kamfanin DC tun 1957. Ya kawo rigimar shafukan asali, yadda sai a 1987 Marvel ya mayar wa Kirby kimanin shafi 1,900 daga cikin sama da 10,000 da ya zana musu. Kirby ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 1994. A 2009, shekarar da Disney ya sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4, 'ya'yansa suka nemi karɓe haƙƙin mallaka. Kotu ta ba Marvel gaskiya a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2013, sannan aka sasanta a Satumba 2014, ana dab da Kotun Ƙoli ta duba ko za ta saurari ƙarar. Ba a bayyana sharuɗɗan sulhun ba.

Zaman ya yi zafi. Mako na gaba aka sami 13, har da waɗanda suka daina zuwa. Sai dai hirar ta koma ta 'yan ƙwallo, kowa ya ɗauki ɓangare. Mafi yawa suka ce Lee ɓarawo ne, wasu biyu suka tsaya kai da fata suna kare shi don suna son sa a fim. Malamin ya rubuta a littafinsa cewa a zaman biyun nan babu ɗalibin da ya buɗe mujalla ko ɗaya, duk da suna jere a kan tebur. Da ya haska shafuka biyu, ɗaya na Kirby ɗaya na Heck, ya ce a nuna masa na Kirby, sai aka yi ta canki-canki. Yaran da ke rantsuwa an cuci Kirby ba su iya gane zanensa ba.

Da gardamar ta lafa, ƙarshen Janairu, mutum 6 suka rage.

Fabrairu 2018: sabon launi

Ƙorafin da ya fi maimaituwa bayan yawan rubutu shi ne shafukan sun tsufa a ido. Don haka malamin ya kashe kusan duk ɗan kuɗin da makaranta ta ware masa ya sayi babban kundin nan da Marvel ya fitar a 2011, wanda ya tattara aikin Simonson gaba ɗaya, sama da shafi 1,000, a farar takarda mai sheƙi, Steve Oliff ya sake masa launi da kwamfuta. Ya kuma bar bin jeri. Ya tsallake shekara 20 ya buɗe musu fitowa ta 337.

Wannan fitowa tun daga bangonta take shelar sabon zamani: wani baƙon halitta mai fuska kamar ƙoƙon kan doki, sanye da kayan Thor, ya ɗaga guduma yana farfasa sunan mujallar. Shi ne Beta Ray Bill. Simonson ya ɗauki rubutun nan na jikin guduma da aka yi shekara 21 ana gani, ya yi tambayar da ba a taɓa ɗauka da gaske ba: in wani ne ya cancanta fa? Bill ya ɗaga gudumar, Odin ya kwashe shi zuwa Asgard a zaton ɗansa ne, aka bar Blake a duniya yana kiran ubansa. Yara shidan nan sun karanta ta a zama ɗaya suka nemi ta gaba.

Amma kundi ɗaya ne, mai nauyi, ba ya aruwa zuwa gida, kuma mutum biyu ne kawai za su iya leƙa shi a lokaci guda. Adadi bai ƙaru ba. Ta fuskar manufa ta biyu kuwa babu abin da ya motsa. Sun ji daɗin labari, sun wuce akwatin sunaye ba su kalla ba.

A zaman ƙarshe na watan, saboda kundin bai isa kowa ba, malamin ya zo da tsohuwar fitowa ta 362 tasa, ta Disamba 1985, wadda takardarta ta riga ta yi ja. Ita ce ta mutuwar Skurge, inda fim ya samo nasa. Thor ya jagoranci runduna zuwa ƙasar Hela don ƙwato rayukan mutane, a hanyar dawowa dole wani ya tsaya ya tare gadar Gjallerbru. Thor ya ce shi zai tsaya. Skurge, wanda ya gaji da zama abin dariya, ya buge shi ta baya ya sume, ya karɓi bindigogi ya tsaya shi kaɗai. Wata ɗaliba 'yar shekara 15 da ke riƙe da tsohuwar mujallar ta matso kusa da masu kundin, ta ajiye shafinta gefen nasu. Ta ce, Malam, ai ba iri ɗaya ba ne. Zane ɗaya, magana ɗaya, amma a tsohuwar launin shimfiɗe yake, layukan baƙi su ke jan ido, a sabuwar kuwa an sa haske da inuwa har jiki ya yi tudu da kwari. Sauran sa'ar a kan wannan aka ƙare. Uku sun fi son sabon, uku tsohon, kuma a karon farko wani ya juya shafin farko yana neman sunan mai launi.

Maris zuwa Afrilu 2018: shafi biyu a gefen juna

Malamin ya rushe tsarinsa ya gina sabo a kan abin da ya gani. Kowane zama shafuka biyu ne a jere da tambaya ɗaya: me ya bambanta, kuma hannun wa ya jawo bambancin? Bayani ba ya wuce minti 10. Sauran lokacin na aiki ne da hannu.

Makon farko launi aka yi. Ya ba su gilashin ƙara girma suka duba tsohuwar takarda, suka ga fatar Thor ɗigo-ɗigo ce ta ja da rawaya. Ya gaya musu cewa masu launi na wancan zamani launuka 64 kacal suke da su, daga haɗa shuɗi da ja da rawaya a matakai ƙayyadaddu, kuma takardar jarida tana shan tawada ta tausasa komai. Wanda ya zaɓi launin ya san takardar da za a buga a kai. Shi ya sa in aka kwafe launin nan zuwa farar takarda mai sheƙi yake kashe ido.

Mako na biyu da na uku su ne suka fi tasiri, kuma a kan mutumin da malamin bai taɓa tunanin zai zama jigon ƙungiyar ba: Vince Colletta. Shi ya bi yawancin Thor na Kirby da tawada daga 1965. Aikin fensir da tawada kamar na babbar riga ne, wani ya zana aska a kan yadi, wani ya bi da zare, kuma abin da mai zare ya tsallake ba zai taɓa fitowa a rigar ba. Colletta mutum ne mai sauri, wanda editoci ke nema in lokaci ya ƙure, kuma an san shi da goge abin da zai ci masa lokaci. Wasu kwafin fensir ɗin Kirby sun tsira, mujallar masoya ta The Jack Kirby Collector, da aka fara bugawa a 1994, ta sha jera su kusa da abin da aka buga. Malamin ya haska irin waɗannan. A fensir ga taron mayaƙa cike da fili, a bugu an rage su. A fensir ga gini mai ado hawa-hawa, a bugu ya koma layuka miƙaƙƙu. Wani wurin mutum sukutum ya zama baƙar inuwa. Yaran suka riƙa tashi suna zuwa jikin allo suna ƙirga waɗanda suka ɓata.

Sannan ya ajiye shafin Thor na Colletta kusa da shafin Fantastic Four, wata mujallar Marvel, na shekara ɗaya, wanda Sinnott ya bi da tawada. Fensir na mutum ɗaya ne. Na Sinnott layi mai kauri, sumul, ƙarfe yana ƙyalli. Na Colletta sirara, ƙananan zane-zane kamar tsohon hoton littafi. Ɗaliba ɗaya ta ce ita dai na Colletta ya fi dacewa da Asgard, domin gashin dabba da itace da dutse sun fi kama da na da can. Wannan ra'ayi ne da wasu tsofaffin masoya ma suke da shi, ita kuwa ba ta taɓa jin sa a bakin kowa ba.

Sai aka ba kowa kwafin fensir ɗin Kirby da aka buga da shuɗi mai haske, da buroshi da tawada, aka ce minti 40. Babu wanda ya gama rabin shafi. Malamin ya lura da yaro ɗaya da ya fi kowa zagin Colletta, ya ga ya shafe mayaƙan baya da baƙi don ya samu ya kai ƙasan shafin. Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Mako na huɗu aka juyo kan Lee. An ɗauko labari ɗaya daga Tales of Asgard, gajerun labaran nan masu shafi 5 da aka fara sakawa a bayan mujallar daga fitowa ta 97 a 1963, inda Kirby ya sami sarari ya zana tatsuniyar zalla ba likita ba asibiti. A cikinsu Hela ta fara bayyana a 1964, haka ma abokan nan uku, Fandral da Hogun da Volstagg, a 1965. Malamin ya shafe duk maganganun ya raba shafukan, ya ce kowa ya rubuta nasa. Abu biyu suka fito. Na ɗaya, kowa ya fahimci labarin ba tare da kalma ko ɗaya ba, wanda ya nuna yawan abin da Kirby ya riga ya rubuta da hoto. Har ya nuna musu hoton wani shafin asali mai ɗauke da bayanan da Kirby ke rubutawa a gefe don Lee ya san abin da ke faruwa. Na biyu, da aka karanta abin da yaran suka rubuta, duk mutanen murya ɗaya gare su. Da aka buɗe na Lee, sai ga Volstagg yana cika baki yana neman hanyar gudu, Odin yana magana kamar dutse na gangarowa, Loki yana zuba zuma mai dafi. Masu cewa ɓarawo ne a Janairu suka yi shiru na ɗan lokaci. Ɗaya ya ce har yanzu yana ganin an cuci Kirby, amma wannan aikin ba na Kirby ba ne.

Mako na biyar na haruffa ne. John Workman ya rubuta haruffan yawancin zamanin Simonson, kuma a nan ƙarar abu ba ado ba ce, cikin ginin shafin take. Tun daga fitowa ta 337, wata bayan wata, ana nuna wani da ba a ga fuskarsa ba yana ƙera takobi, ƙarar maƙerarsa tana ratsa shafi da manyan haruffa, har aka gane Surtur ne. Malamin ya ari babban littafin da kamfanin IDW ya buga a 2011, wanda ya ɗauki hoton shafukan Simonson na asali a girmansu, ana ganin farin fenti inda aka yi gyara da shuɗin fensir a ƙarƙashin tawada. Yaran suka rufe haruffan da takarda suka ga yadda shafin ke zama fanko.

Ba a yi wata sanarwa ba, amma masu zuwa suka riƙa jawo abokansu, galibi don a zo a taɓa buroshi. A ƙarshen Afrilu adadin ya tsaya a 14.

Mayu zuwa Yuni 2018: inda aka tsaya

A watan Mayu aka kasa su rukuni uku, kowane rukuni ya yi labarin shafi 2 a tsarin Marvel na da: mai fensir, mai magana, mai tawada, mai haruffa, mai launi. Sharaɗi ɗaya ne, su rubuta akwatin sunaye da kansu kuma kowa ya yarda da abin da aka rubuta. Rukuni biyu sun yi rigima a kan wa za a kira marubuci, tunda mai fensir ne ya tsara yadda labarin zai tafi. Ɗaya ya warware ta da rubuta sunaye biyu a layi guda. Ɗayan bai warware ba har aka liƙa aikin a bangon laburaren makaranta, da akwatin sunaye iri biyu.

Malamin ya maimaita gwajin Janairu da shafuka 10 da ba su taɓa gani ba, an rufe sunaye. Cikin ɗalibai 14, 12 sun ware na Kirby daga na Simonson da na John Buscema, wani mai zanen Thor, ba kuskure, 9 kuma sun gane inda Colletta ya bi da tawada. Littattafan sake bugu na laburaren gari, da a baya malamin kaɗai ke ara, sai da aka riƙa jiran layi. Huɗu sun karanta zamanin Simonson har ƙarshe, har da fitowa ta 364 zuwa 366 inda Loki ya mai da Thor kwaɗo, da ta 380 inda kowane shafi hoto ɗaya ne na faɗansa da macijin da ya kewaye duniya. Biyu sun bi Kirby zuwa mujallar New Gods da ya fara a DC a 1971.

Hukunci

Yunƙurin farko ya faɗi ne domin jerin fitowa tsari ne na mai tarawa, ba na baƙo ba. Wanda ya riga ya kamu yana jin daɗin ganin yadda abu ya fara da rarrafe. Wanda bai kamu ba rarrafen kawai yake gani. Thor na Kirby bai kankama ba sai wajajen 1965, kuma malamin ya san haka sarai, son cika ƙa'ida ne ya sa ya ƙone makonni shida da rabin ajinsa a kan mafi raunin shafukan. Da ya fara da Tales of Asgard ko fitowa ta 337, da wuya a yi wannan zubewar.

Laccar Janairu duk abin da ke cikinta gaskiya ne, kuma a ganina Kirby ya cancanci a faɗa. Kuskuren na lokaci ne. An ba yara hukunci kafin a ba su ido, suka karɓi suna suna yaƙi a kansa ba su san aikin mai sunan ba. Ta kuma taƙaita mutum biyar ko shida zuwa biyu, gwarzo da mugu, ta shafe Lieber da Sinnott da masu haruffa da masu launi, wato ta aikata wa sauran abin da take zargin an yi wa Kirby. Rigimar akwatin sunaye ta watan Mayu ta koyar da batun haƙƙi fiye da zaman majigi biyu, domin a nan nasu aikin ne ake shirin jingina wa wani.

Kundin mai sabon launi bai yi abin da aka saye shi don shi ba. Amfaninsa ya zo ta gefe, da ya zama abin kwatantawa. Abin da ya yi aiki shi ne bambanci da ido zai iya kamawa, sannan hannu ya gwada. Muddin shafi ɗaya ne a gaban mutum, zai ɗauka haka ya faɗo daga sama. In ya ga biyu, dole ya yarda wani ya zaɓi wannan ya bar wancan, daga nan kuma tambayar waye shi take zuwa da kanta. Abin ban dariya shi ne Colletta, wanda masoya suka fi kowa yi wa tsiya, shi ya fi kowa koya wa yaran nan ganin Kirby, saboda gurbin abin da ya goge.

Akwai abin da ya kamata a rage wa wannan sakamako. Mutum 14 ba 21 ba ne, kuma waɗanda suka dawo galibi masu son zane ne tun asali. Ƙungiyar ta zama ajin zane na biyu fiye da ƙungiyar karatu, masu son labari zalla ba su sami wurin zama ba. Gwajin shafuka 10 yana auna gane hannu ne, ba ya auna ƙauna. Larry Lieber kuma, wanda ya raɗa wa Donald Blake suna kuma ya rubuta labaran farko, bai sami ko zama ɗaya ba bayan Disamba, domin aikinsa yana cikin shafukan da suka kori yara tun farko. Malamin ya sa shi a tsarin shekara mai zuwa, a zango na biyu, bayan an gama da tawada.